Geron Baba da Kajin Gwaggo

Akwai wata bazara da ko tsufa ya kwashe mini tunani, ina jin ita ce za ta rage a kaina. Shekaru sun shuɗe, na ga zafi iri-iri bayanta, na ga damina mai kyau da marar kyau, amma duk lokacin da na ɗaga kai na ga hadari ya taru a kan dutsen da ke bayan ƙauyenmu, wannan shekarar ce take dawo mini. Ita ce bazara ta farko da muka yi babu Baba, kuma a cikinta ne saura ƙiris geronsa ya bi shi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kebbe, a gindin wani dogon dutse da ya miƙe ta gabas da mu. Dutsen nan yana da halinsa. Hadari zai taso daga gabas baƙi ƙirin, ana cida ana walƙiya, mata su kwashe shanya, yara su kora awaki gida, amma yana isowa kan dutsen sai ya tsaya yana shawara. Wata rana ya tsallako ya jiƙa mu, wata rana ya juye ruwansa duka a wancan ɓangaren, mu a bar mu da iska da ƙanshin ƙasar wasu. Mutanen bayan dutse ma kukansu ke nan, sai dai su cewa suke mu muke kwashe musu ruwa. Ban taɓa jin an gama wannan gardamar ba.

Ni kuwa sana'ata sayar da ƙanƙara. Da asuba nake hawa babur in je Tambuwal in saro, in naɗe ta a buhu in danna a cikin babbar kula, in biyo ƙauyuka ina raba wa masu shayi da masu zoɓo da masu ruwan leda. Saboda haka zafi abokin cinikina ne. Idan rana ta take, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, kowa yana tsaki yana fifita da gefen riga, ni a raina murna nake yi, sai dai ba na bari a gani. Amma an gane ni. A majalisarmu ta ƙofar masallaci, da an ga hadari ya watse sai a juyo kaina, a ce mai ƙanƙara ne ya yi addu'arsa. Ni kuma in ce ai ni ma ina da gona, su ce to ai shi ya sa Allah yake raba ruwan gida biyu, don ya rasa wacce addu'ar tawa zai karɓa. Haka muke yi, a yi dariya a watse.

Baba yana da wani gero da ya gada a wurin mahaifinsa. Zangarniyarsa gajera ce, mai gashi-gashi a jiki, tsuntsu ba ya son sauka a kanta, kuma yana riga kowane gero nuna. Ba ya cika rumbu kamar dogon geron da ake saye a kasuwa, amma lokacin da rumbunan mutane suka yi ƙasa, damina ta yi tsakiya, kowa yana lallaɓa abin da ya rage, a lokacin ne geron Baba yake fitar da kai. Tumun farko a ƙauyenmu daga gonarmu yake fitowa. Baba zai karyo zangarniyoyi cike da hannu, a gasa, ya bi gida-gida yana miƙa wa tsofaffi. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan ranar ba, ko ranar Salla.

Abin da yake ƙara sa geron ya riga na kowa shi ne binne, wanda a bakinmu muke cewa bizne. Wato ba a jiran ruwa. Idan bazara ta yi nisa, alamun damina sun bayyana, sai a je a sari busasshiyar ƙasa a zuba iri a rufe, a bar shi yana kwance yana jira. Ranar da ruwan farko ya sauka, kafin wasu su nemo sungumi, naka ya riga ya sha. Haɗarin abin ɗaya ne, kuma kowane manomi ya san shi. Idan ruwan farko ya zo da yawa, ka ci riba. Idan bai zo ba sam, irin yana nan lafiya, sai ɗan abin da zabi da tururuwa suka tona. Amma idan aka yi ɗan ruwa wanda ya isa ya tayar da iri, bai isa ya riƙe shi ba, rana kuma ta dawo, to an yi asara. Baba ya sha yin asarar, sai ya koma rumbu ya ɗebo wani irin ya sake, don a lokacinsa iri ba ya yanke mana.

A bayan dutse, wajen hanyar Fakku, akwai wata tsohuwa da muke kira Gwaggo. Ɗiyar kawun Baba ce, wato taubashiyarsa, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun tsokani juna ba. Duk shekara idan an gama girbi, Baba zai zaɓi zangarniyoyi masu kyau ya ɗaure, ya tsallaka dutse ya kai mata, ba don komai ba sai don ya ce ya kawo wa mutanen bayan dutse iri na gaske, ko sa daina cin tumu bayan kowa ya manta ɗanɗanonsa. Ita kuma ko kallon damin ba ta yi. Na sha raka shi, na ji da kunnena.

"Aje nan," in ji ta. "Geron marasa haƙuri. Dama kajina na jin yunwa."

Haka take faɗa duk shekara, a gaban kowa, har abin ya zama abin dariya a dangi. Idan aka ga kaza mai ƙiba a gidan biki sai a ce ko ta Gwaggo ce, mai cin geron gado. Baba ya dawo gida yana faɗa yana dariya, yana cewa ba zai sake kai mata ba, shekara ta zagayo kuma ya ɗaure wani damin.

Baba ya rasu bayan girbi, da sanyi ya fara shigowa. Bai yi doguwar jinya ba. Gidanmu ya cika da masu gaisuwa, na kusa da na nesa, kuma dole a ba mutane abin taɓawa. Inna tana ɗaki ta shiga takaba, ni ina waje wurin maza, sai matan dangi da maƙwabta suka karɓi ragamar gida. Suka buɗe rumbu suna ɗebo dami suna sussuka, ana daka ana dama fura ana yin gumbar sadaka. Ba wanda ya gaya musu cewa dammunan da aka jingine daban a gefen hagu na iri ne, su kuma da suka ga zangarniyoyi masu cika, sai suka ce ai waɗannan ne suka dace da sadakar mai su. Ban ga laifinsu ba a lokacin, har yanzu ma ban gani ba. Sai bayan an watse muka duba, muka tarar babu abin da ya rage na geron Baba sai ɗan ƙullin da ya rataye da hannunsa a rufin ɗakinsa. Da Inna ta sussuke shi, bai wuce cikin ƙaramar ƙwarya ba. Shuka ɗaya ce, ba ta biyu.

Inna ta fita takaba ana tsakiyar zafi. Zafin shekarar kuwa ba a magana. Da hantsi ma inuwar bedi, wato darbejiya, ba ta da wani amfani, dutsen nan ya sha rana ya riƙa huro mana ita har bayan magariba, ruwan randa kamar an ɗora shi a murhu. Ƙanƙarata kafin in kai ƙauye na uku ta fara kuka a cikin buhu. Kowa ya ce irin wannan zafin ruwa yake kira. Shamuwa ta iso ta sauka a kan tsamiyar kasuwa, gawo ya fara zubar da ganye, iska ta juya tana busowa daga kudu da ɗan laushi. A rediyo ma an ce ana sa ran ruwa da tsawa a yankinmu. Kullum da la'asar sai gajimare ya hau kan dutse ya yi tsiri, fari a sama baƙi a ƙasa.

Na so a jira ruwa ya sauka sosai kafin a taɓa ƙwaryar nan, na kuma faɗa wa Inna haka. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Tun da anka kawo ni gidanga ban taɓa ganin geron ga ya jira ruwa ba. Bana ma bizne za mu yi, tsofaffin nan su ci tumunsu awa kullum." Na je na shawarci dattawan majalisa, duk suka ce alamu sun cika, wasunsu ma sun riga sun binne nasu. Gaskiya ni ma zuciyata ta fi karkata can. Ina son a ce shekarar da Baba ba ya nan ma tumun farko daga gonarsa ya fito.

Muka fita da sassafe ni da ita. Ina gaba da sungumi ina sara, tana biye da ƙwarya a hannu, tana jefa iri tana rufewa da diddige, kamar yadda suka riƙa yi da Baba tun da ƙarfinta ya ragu ta daina wasu ayyukan ta riƙe wannan. Ƙasar ta bushe har ƙura take tashi a kowane sara. Sau ɗaya kawai ta ce mini na cika faɗaɗa taki, Baba ba ya nisanta rami haka, sai na rage. Kafin rana ta yi zafi mun gama, ta kife ƙwaryar ta buga gindinta, ƙwaya biyu ko uku suka faɗo, ta tsugunna ta tsince su ta sa a ramin ƙarshe. A hanyar komawa gida na ji raina fes, ita ma na ga fuskarta ta saki.

Daga nan sai jira. Wanda bai taɓa binne iri ba bai san yadda mutum yake zama bawan sararin sama ba. Ina kan babur ina tuƙi, rabin idona yana kan hanya rabi yana gabas. Mai shayi yana yi mini magana, ni ina lissafin inda gajimare ya dosa. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya sauka a bayan dutse, muna tsaye muna hango ruwan wasu yana zuba kamar an rataya baƙin zane. 'Yan majalisa suka sa ni gaba, wai in rage cinikin ƙanƙara ko Allah ya dube mu. A wannan karon dariyar tawa ba ta kai ciki ba.

Ran nan da yamma hadari ya tsallako. Iska ta zo da ƙarfi ta kwashe ledoji da karan danga, aka yi tsawa biyu masu kyau, yara suka fito tsakar gida suna tsalle. Ruwa ya fara sauka manya-manya. Kafin in gama shigar da babur zaure, ya tsaya. Indararo ko ɗiga bai yi ba. Na fita waje na tsaya ina kallon hadarin yana komawa inda ya fito. Na san irin wannan ruwan.

Da gari ya waye na tafi gona na tona da hannu. Danshin bai wuce tsawon yatsa ba, ƙarƙashinsa ƙasa busasshiya ce ƙurmus. Daidai inda irin yake kwance, nan ruwan ya kai ya tsaya. Bayan 'yan kwanaki gona ta yi tsiri-tsiri, kore shar, layi-layi gwanin sha'awa. Ban taɓa ganin tsiro mai kyau da ya ba ni tsoro irin wannan ba. Da a ce ruwa ya biyo baya a wannan makon, da labarin nan bai zama labari ba. Amma sama ta washe tas, ko gajimaren la'asar ya daina zuwa, rana ta dawo da ƙarfinta har ta fi da. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, na je na yi addu'a da zuciya ɗaya, ban ko tuna da ƙanƙara ba. Na ma gwada ɗaukar ruwa a jarka a bayan babur ina zuba wa layukan da ke bakin hanya, sai na ga ƙasar tana shanyewa kafin in miƙe, na gane wahalar banza nake yi. Tsiron ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da safe, daga baya ya daina buɗewa, ya koma kamar zaren tsumma. Ranar da na murza ɗaya a hannuna ya zama gari, na zauna a kan kunyar gona na daɗe ban tashi ba.

Inna ba ta sake zuwa gonar ba, amma kullum na dawo sai ta dube ni, ni kuma in ce da sauran rai. Ran nan ban ce komai ba. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake a faifai, ta ɗago ta kalle ni, ta mayar da kanta ƙasa. Can ta ce, "To. Yau na yarda ya tafi." Ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni ne na shiga ɗaki na yi, don maganar ta fi mini ranar jana'iza ciwo. Muka yi shawara idan ruwa ya sauka zan sayo iri a kasuwar Kebbe, irin wanda kowa yake shukawa. Ba yunwa muke tsoro ba, Alhamdu lillahi akwai dawa a rumbu. Abin da ya tafi ne ba a sayar da shi a kasuwa.

Zafi ya ci gaba, ni ma na ci gaba da sana'ata. Wata rana ciniki ya kai ni ƙauyukan bayan dutse. Tun da safe garin ya yi wani irin nauyi, iska ta tsaya cak, ganye ko motsi ba ya yi, zufa tana bin bayana har cikin takalmi. Bayan azahar na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba irin tsirin da muka saba gani ba. Wata iska mai sanyi ta bugi fuskata, shanun wasu Fulani da ke kiwo a gefen hanya suka ɗaga kai gaba ɗaya. Na san ba zan kai gida ba, domin akwai ƙorama tsakanina da dutse wadda ba ta da mutunci idan ta cika. Gida mafi kusa da na sani shi ne na Gwaggo. Na murɗa babur, ina shiga zaurenta ruwa yana kecewa.

Wannan kam ruwa ne. Tsawa tana faɗuwa a kan dutse tana dawowa, kwanon rufi yana ƙara har ba ka jin na kusa da kai, tsakar gida ta zama tafki nan da nan. Gwaggo ta leƙo daga ɗakinta ta gan ni a tsaye jiƙe da kula a hannu, ta ce yau kasuwar mai ƙanƙara ta ci wuta, in shigo kada in narke tare da kayana. Rabona da ita tun zaman makoki. Ta tsufa a 'yan watannin nan, bakin ne kawai bai tsufa ba. Ta ba ni tabarma da fura, ta tambayi Inna, sannan ta ce, da yake ba ta iya barin tsokana ko da mai amsa mata ya tafi, yanzu kam geron marasa haƙuri ya sha ruwa, sai mu zo mu ishe su da tumu.

Na yi niyyar in yi dariya in bar zancen, amma ban iya ba. Na gaya mata komai, tun daga dammunan da aka daka na sadaka har zuwa tsiron da na murza ya zama gari. Tana ji tana kallon ruwa a bakin ƙofa.

"Duka kunka bizne?" ta tambaya.

"Duka, Gwaggo. Ko ƙwaya ba ta rage ba."

Sai ta ce ita ma tana cikin masu dakan nan, da hannunta ta ɗebo wasu dammunan, ta kuma gane su sarai, amma ta ɗauka akwai wasu a ajiye. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma haka, muka zauna muna sauraron ruwa. A raina na ce ko ba komai yau na ga abin da ya rufe bakin Gwaggo.

Da ruwa ya tsagaita ya koma yayyafi, sai ta miƙe ta yafa buhu a ka, ta ce in biyo ta. Muka zagaya bayan ɗakinta, muna taka taɓo, zuwa wani ɗan ƙaramin rumbu da ban taɓa lura da shi ba. Ta ce in ɗaga murfin in miƙa hannu. Na miƙa, na ji gashi-gashi ya soki tafina tun kafin in gani. Na jawo zangarniya gajera, cikakkiya, irin wadda na tashi ina gani a hannun Baba. Na leƙa ciki. Dammuna ne a jere, fiye da abin da gonarmu za ta ci sau uku.

Na juyo ina kallonta. Ita kuwa ta ɗaure fuska kamar na kama ta da sata. Ta ce in daina kallonta haka, ba wani abu ba ne, tana da 'yar gayauna a bayan gari inda ba hanyar mutane ba ce, tun shekarar farko da Baba ya kawo mata take shuka shi a can. Ta ce geron yana da kyau, wannan ko makaho ya sani, amma da ta yarda a gaban wancan mutumin ai da ta shiga uku, har kabari sai ya bi ta da gori.

Na ce, "Ashe har ya rasu bai sani ba."

Ta yi wata 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. "Wa ya gaya maka? Wata shekara ya zaka nan da damina, ya iske ni ina cin tumu, alhali duk bayan dutse babu wanda geronai ya nuna. Na rasa inda zan ɓoye shi. Ya ɗauki guda ya jujjuya, ya murza ya watsa baki, ya tauna. Sai ya ce, 'Kajinki sun iya noma.' Bai ƙara ba. Da kaka ta yi kuma ya kawo man wani damin, na ce ya aje ma kaji."

Nan na tsaya a cikin yayyafi ina dariya hawaye yana zuba, ita ma haka, ga shi ba mai rarrashin wani. Shekara da shekaru mutanen nan biyu suna riƙe da magana ɗaya, kowa ya san ɗan'uwansa ya sani, kuma ba wanda ya yarda ya fasa wasan. Ko Inna bai gaya wa ba.

Matsalar da ta rage ita ce yadda zan kai irin gida bai jiƙe ba. Sai na buɗe kula na juye sauran ƙanƙarar a babbar roba, na ce a raba wa gidan da maƙwabta, duk da cewa a wannan sanyin babu mai nemanta. Gwaggo ta goge cikin kular da tsumma har ta bushe, muka shimfiɗa buhu, muka cika ta da zangarniya muka rufe. Ta ce in na isa gida in ce wa Inna a kasuwa na samo. Na ce Inna za ta gane shi ko a cikin duhu. Ta yi tsaki ta ce, "To ka ce mata kaji sunka rage."

Na jira ƙorama ta sauka, na tura babur na haye, na iso gida rana tana shirin faɗuwa. Ɓangarenmu ma ya sha ruwa har ya ƙoshi, wannan karon dutsen bai yi rowa ba. Ko'ina kwaɗi ne ke kuka, maza sun fito ƙofar gida suna gyaran ƙotar sungumi. Na sauke kula a gaban Inna na ce ta buɗe. Ta ce me za ta yi da ƙanƙara a wannan sanyin. Na ce ta dai buɗe. Ta ɗaga murfin, ta tsaya. Ta ɗauki zangarniya ɗaya ta shafa gashinta da yatsa, ta kai hanci. Da na faɗa mata saƙon Gwaggo da abin da Baba ya ce ranar tumu, sai ta fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun yana da rai, ta ce lallai su biyun nan ba su da kunya, ashe da ita ma suke wasan. A daren ba ta bari kowa ya taɓa sussukar ba, ita ta yi abinta.

Washegari muka koma gona, ina gaba tana biye. Na tona da hannu, danshi ya wuce gwiwar hannuna. Ƙasar tana karɓar sungumi ba gardama, ƙanshinta yana tashi, ko'ina ka duba mutane ne a gonakinsu ana ɗaga wa juna hannu ana barka da ruwa. A shekarar ba mu muka fara tumu ba, don Gwaggo ta riga mu shuka tun ruwan da ya sauka a ɓangarensu. Wata safiya sai ga ɗan acaɓa da ƙullin zangarniyoyi, ya ce wata tsohuwa a bayan dutse ta ce a kawo wa Inna, wai daga kaji. Inna ta gasa, ta ba ni na bi gida-gida na miƙa wa tsofaffin da Baba ya saba kai wa. Ba su rasa tumunsu ba ko a wannan shekarar.

Gwaggo ta rasu bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙansu duka. Har yanzu ina sayar da ƙanƙara, har yanzu ina binne idan alamu sun cika, kuma dutsen nan bai canza hali ba. Abin da na koya shi ne, irin da muka rataye a ɗaki muna tattali rana ɗaya ta cinye shi, wanda Baba ya riƙa fitarwa yana bayarwa, ko da sunan tsokana ne, shi ne ya dawo mana ranar da muka rasa. Shi ya sa duk kaka nake zaɓar zangarniyoyi masu kyau in ɗaure in tsallaka dutse, in kai wa ɗan Gwaggo da ya gaji gidan. Yana ganina zai nuna mini gefen zaure ya ce in ajiye nan, kajinsa na jin yunwa. Ni kuma in ajiye, mu gaisa, in kamo hanyar gida raina a kwance.